Mangwaron Hansatu

Tun shekarar da farin ƙwaro ya cinye lambuna, doka ta hana haye gada da kayan marmari. Barau ya sani, amma ya ɓoye mangwaro ɗaya cikin hularsa. 'Yarsa Hansatu na kwance a asibitin ƙetare, ba ta taɓa shan mangwaro ba, kuma shi kaɗai take roƙo.

Ma'aikaciyar gada ta sa ya tuɓe hular. Wani ɗigo fari ya motsa a jikin ɓawon mangwaron.

"Baba, yi haƙuri. Ko ka sha nan, ko a ƙona."

"'Yar nan, likita ya ce da wuya ta kai Juma'a."

Ta sunkuyar da kai, amma ba ta kauce ba.

Barau ya tsuguna ya sha a hankali, yana haddace zaƙin, don ya samu abin gaya wa Hansatu.