Saiwar Haƙorin da Wanzami Ya Bari

Ina yaro, wata la'asar Baba ya kai ni kasuwar Kebbe, kumatuna a kumbure. Wanzami ya matse kaina tsakanin gwiwoyinsa. Har yau ina jin warin tsatsar awartakinsa. Ya ja, na ji ƙas.

Baba ya duƙa yana duban guntun haƙorin. "Malam, duka ya hita?"

"Awo, duka. Shi kurkure da ruwan gishiri."

Baba ya biya shi, ya kama hannuna muka koma gida.

Jiya a Sakkwato likita ya yi ta jujjuya hoton ƙoƙon kaina a kwamfuta kamar ƙwarya. Ga saiwar nan kwance, ta ci ƙashin muƙamuƙi. Ya ce sai an tsaga, kuma leɓena zai iya mutuwa. Ni kuwa ladanin unguwarmu ne.