Maginin da Ya Je Neman Asalinsa a Toka

Kai da kake cewa takardarka tana hannun hukuma, ba inda za ta je, gyara zama ka ji abin da ya sami wani magini.

Shi wannan magini a gidan marayu ya tashi, bai san uwa ba, bai san uba ba. Ranar da ya isa fita neman na kansa, tsohuwar da ta rene shi ta ja shi gefe, ta gaya masa akwai fayil da sunansa a ofishin da ke kula da marayu, a ciki an rubuta inda aka tsince shi da wanda ya kawo shi. Ya murtuke fuska, ya ce wadda ta yar da shi a bakin hanya ba shi da abin nema a wurinta. Ya tafi ya koyi gini, hannunsa ya faɗa, ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya'ya. Da shekaru suka tura fushin ya huce, sai nauyin ƙafa ya gaje shi. Kullum a kan kekensa yakan wuce ta ƙofar ofishin nan da kayan aiki ɗaure a baya, ya ɗaga kai ya dubi tagogin, ya ce bari ya gama wannan katanga tukuna, bari damina ta wuce, ai takarda ba ƙafa gare ta ba. Haka ya yi ta wucewa har furfura ta cika masa gemu.

Rannan dattawa suka zo nema wa ɗansu auren 'yarsa ta fari. Aka shimfiɗa tabarma, aka sha ruwa, aka gaisa. Sai babbansu ya tambaya cikin ladabi, shin malam mutanen ina ne, don su san da wa za su haɗa zuri'a. Magini ya ce shi kansa bai sani ba. Suka ce ba komai, za su dawo. Da ya shiga gida ya tarar da yarinyar a bakin murhu, ta ji komai, kanta a ƙasa.

Washegari ya sa rigar Juma'a ya tafi ofishin. Akawun da ya tarar mutumin kirki ne, ya ba shi kujera, ya jawo wani dogon littafi yana bi da yatsa har ya tsaya a kan wani layi da aka ja wa jan biro. Ya ce masa ƙa'idarsu ita ce, in an rufe fayil a ajiye shi shekara talatin, in ba wanda ya nema a sa shi cikin jerin na ƙonawa, don ɗakin ajiya ya cika har rufi, gara da ɓeraye suna ci. Nasa ya cika wa'adi, har ya ɗora shekara biyu saboda ba a sami mai sa hannu da wuri ba. An ƙona shi bayan Babbar Sallar da ta wuce. A littafin babu abin da ya rage sai lamba, da sunan da gidan marayu suka raɗa masa, da ranar da aka cinna wuta.

Yana fitowa, wani tsohon masinja da ya ji maganarsu ya biyo shi har gindin darbejiyar da ya jingine keke. Ya ce ya tuna lambar nan, don shi aka riƙa aika ya ɗauko fayil ɗin. Wata mata ce 'yar ƙauye, mai tabon ƙuna a hannu, ta zo sau uku a shekarun baya tana kuka, tana cewa sace mata jariri aka yi a tasha. An ce mata yaron ya girma ya fita, ba a san inda yake ba. Duk zuwan da ta yi sai ta sa an rubuta sunan garinsu an saka a ciki, ko Allah zai sa ya zo. Magini ya riƙe masa hannu biyu, ya ce, "Baba, wane gari?" Tsoho ya daɗe yana murza goshi, ya ce wallahi sunan ya ɓace masa.

Magini ya roƙa aka zagaya da shi bayan ginin, inda ramin ƙona takardu yake. Ruwan sama ya riga ya daddaɓe tokar, ciyawa ta fara tsirowa a kai. Ya tsuguna ya sa hannu ya tona, ya fito da ƙarfen matse takarda guda biyu da suka yi tsatsa. Dattawan nan ba su dawo ba. Shi kuwa har ya mutu, in ya ga tsohuwa a kasuwa sai ya bi hannuwanta da kallo.

To ka ji. Hukuma ba ta zalunce shi ba, ta jira shi iya abin da ta ɗiba, har da gyara. Masu iya magana suka ce, a bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.