Manhajar Da Ta Iya Jira

Tun safe take gaban kwamfuta a ɗakin bincike, tana gwada manhajoji biyu. Aikinsu ɗaya ne: su haɗa kwaikwayon layukan lantarkin da ta gina da na sadarwar da Injiniya ya gina, su tafi tare. Nasa gudu yake kamar an koro shi, nata kuwa sai ya yi lissafi a tsanake.

Injiniya ya jawo kujera kusa da ita. "To Malama, wacce ta ci?"

"Ta farko barin naka take ya yi gaba, in ya yi kuskure ta dawo da shi. Tana da sauri, amma ɗazu ta kashe min wutar unguwa guda."

"Ta biyun fa?"

"Ita tsayar da mai sauri take, sai ɗan'uwansa ya iso su ɗaga ƙafa tare."

Ya murza biro. "Ai ni ta biyun nake bi. Tun da kika ce in bari ki gama binciken nan, ban ƙara taku ba. Kawu ne ke tambaya, yaushe zai je wajen Abbanki?"

Ta kafa wa allon ido, murmushi na neman ƙwace mata. Ta adana aikinta tukuna.

"Ka ce wa Kawu mai nawar ta iso."

Ya miƙe zumbur, ƙafarsa ta fizgo wayar soket, allon ya yi ɗif.

Ta fashe da dariya. "Ka gani ko? Daga sakin ka, ka kashe min gari gaba ɗaya!"