Babu Kashi Na Uku

Jarumin fim ɗin ya zauna a falon su 'yar jaridar, jarida a cinyarsa, ga ragowar janbaki a gefen leɓensa. Ita ce ta rubuta sharhin fim ɗinsa kashi na biyu, inda ya sake ɗaura zani ya fito a gwaggon gida.

"Kin rubuta wai rabin 'yan kallo sun fice, sauran kuma barci ne ya hana su tashi," ya ce.

"Ƙarya na yi?"

"Har da cewa gwaggon tana da gashin baki."

"Ga shi nan ai har yanzu." Ta kawar da kai tana danne dariya. "Kuma wace mace ce ke tafiya kamar ta biyo ɓarawo?"

Ya daɗe yana murza gefen jaridar. "Ba ni da mai gyara mini a gida. Abin da ya kawo ni ke nan." Ya ɗago ya dube ta. "Ki aure ni."

Ta dubi yatsunta, ta dubi janbakin nan, sannan ta miƙa masa hankici.

"Da sharaɗi. Babu kashi na uku."

Ya karɓi hankicin. "An fa riga an sayi zannuwan..."

"To ka aure su."

Sai muryar mahaifiyarta ta fito daga bayan labule: "Ka ce ka yarda, ɗan nan! Saboda kai na daure na kalli abin nan har ƙarshe. 'Yar na ba ka, zannuwan ka kawo mini, ni na san yadda ake ɗaura su."