Ƙwayar Gero a Bangon Inna

Tun da aka soke lambobin waya, kowane gida da allonsa na kiran waya a bango, dangi jere a kai, kowa a akwatinsa. Wanda ake yawan ambaton sunansa, akwatinsa ya yi girma. Wanda aka bari kuwa ya yi ta tsukewa har ya ɓace, layinsa ya bi shi.

A bangon Inna, akwatin mai kawo gas ya kai faifai. Na Mansur, ɗanta na fari da ke aiki a jirgin ruwa, ya koma kamar ƙwayar gero a kusurwa, yatsa ba ya kama shi.

Ramlatu, autarta, ta kira kamfanin allon a fusace.

"Malam, ɗan fari ne fa. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Duk cikinku ba wanda ya tashi a gaban uwa? Ku sa iyakar ƙanƙantar akwati mana."

"Tsarin ba ya son kai, Hajiya," in ji ma'aikacin. "Ta faɗa kawai, ai sunan ba ya cizo."

"Ni na faɗa har maƙogwarona ya bushe."

"Muryar mai bango kaɗai yake ƙirgawa."

Inna ta daɗe tana kallon ƙwayar nan. Can ta ce, "Auta, fita ki ja mini ƙofa."

Daga tsakar gida Ramlatu ta jiyo sunan yayanta ƙasa-ƙasa, daga bakin da bai taɓa furta shi ba. Sai allon ya amsa cikin fara'a: "Ban ji sosai ba. A maimaita da ƙarfi."