Askin Wardi

"Ka yi musu aski kafin ka kwashe komatsanka," in ji Baffa, ya jefo mini almakashi.

Mahaifina ne ya dasa wardin nan a bayan gidanmu na unguwar Briqueterie. Ana gama sadakar arba'in ɗinsa, ƙanensa Baffa ya baro shanunsa a unguwar Etoudi ya tare a gidan, ya ce lambu ya fi ƙarfin yaro irina da ya gudu daga lekol, wato makarantar boko. Har ya yi wa wani otal alkawarin furanni duk mako.

"To, Baffa," na ce. Na durƙusa ina aski har la'asar.

Da damina ta yi nisa na biyo ta layin. Lambun ya yi kore shar, rassa sun haura katanga, Baffa na tsaye yana hura hanci.

"Ka gani, ɗan banza? Ko ubanka bai taɓa samun irin wannan ba. Fure kawai nake jira."

"Allah ya kawo, Baffa."

Bai san kowane wardi a nan ɗan aure ba ne. Mahaifina ya ɗaura mai fure a kan saiwar ɗan'uwansa na daji, kuma ba ka rabe su sai ka ƙirga ganye. Mai biyar ke ba da furen da otal ke so. Mai bakwai ba shi da komai sai ƙaya da saurin mamaye wuri.

Ranar askin, duk mai biyar na datse shi daga gindi. Na bar wa Baffa irinsa.