Muryar da Aka Goge

Tun da aka fito da abin kunnen da ke goge wa yara duk muryar da ya saba ji cikin faɗa, Ramlatu ta daina jin iyayenta. Kullum kanta na cikin waya. Ko mahaifiyarta Uwani ta kira ta cin tuwo, motsin baki kawai take gani.

Da Uwani ta kai abin kunnen Ramlatu wurin mai gyara, sai ya ce mata, "Lafiyarsa ƙalau. Ku riƙa hira a hankali kusa da ita, zai sake koyon muryarku."

Da la'asar Uwani ta shimfiɗa tabarma, ta kira maigidanta. Suka zauna kamar surukai.

"Malam, ya ciwon bayan?"

"Da sauƙi. Ashe kin lura."

Ramlatu ta ɗago kai, ta dubi ƙofa.

"Umma, baƙi muka yi?"